Kafin katafila ta binne kududdufi

A unguwar da na tashi cikin birnin Kano akwai wani kududdufi a bayan gidanmu. Da damina in ya cika, agwagi muke kora a bakinsa, iyaye na ta kwakwazon kada mu matsa kusa. Da rani kuwa magina ke sauka su haƙi ƙasa su buga tubali. Ba mai ganinsa da gashi a ka: ga wari, ga sauro, ga kowa nan yake juye shara. Shekarun baya aka cike shi da ɓaraguzai da bola, tifa bayan tifa, aka yanka filotai. Daminar da ta biyo baya, cikin tsakiyar malka, ruwa ya shigo zaurenmu har gwiwa, muka kwana muna kwarfa da robobi. Mahaifiyata ta ɗora buhun gero kan turmi ta ce, “Ai gidansa ya zo nema, ya tarar an gina.”

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne, an binne ramin nan ba wanda ya auna zurfinsa, ba wanda ya bi ya ga ta ina ruwa ke shigarsa, ta ina yake fita.

Wani wuri mai nisa ne ya sa nake wannan tunani. A tsaunukan ƙasar Papua New Guinea, cikin kwarin Wahgi kusa da garin Mount Hagen, akwai wata fadama da ake kira Kuk. A ƙarshen shekarun 1960 hukuma ta karɓe ta don gwajin noman shayi, aka shiga haƙa sababbin magudanai don a tsane ta. A jikin bangon magudanan nan aka riƙa ganin zane-zanen ƙasa mai wani launi daban, kamar an yanka wani abu a tsakiya. Ashe tsofaffin magudanai ne da laka ta cike tun fil azal. Daga 1972 zuwa 1977 wani masanin binciken tarihin da ke ƙarƙashin ƙasa, Jack Golson na wata jami’a a Ostireliya, ya yi ta aiki a wurin, daga baya Tim Denham ya sake tonawa a ƙarshen shekarun 1990.

Yadda suka karanta ƙasar ne ya burge ni. Duwatsu masu aman wuta na yankin sun riƙa watso toka lokaci bayan lokaci, kowace toka ta kwanta kamar shimfiɗa. Magudanar da ke ƙarƙashin wata toka ta girme ta, wadda ta yanke tokar kuwa daga baya aka haƙa ta. Da haka aka gano cewa mutanen wurin suna tara ƙasa su yi tudun shuka kusan shekara 7,000 da suka wuce, kuma kimanin shekara 4,000 da suka wuce sun soma haƙa magudanai masu haɗewa da juna don janye ruwa daga gonakin gwaza da ayaba. Danshin fadamar ya adana har sandunan haƙa na itace. Mutanen da ake yi wa kallon ba su da tarihi sai ga shi suna cikin waɗanda suka ƙago noma da kansu, ba koya musu aka yi ba. A 2008 UNESCO ta sa Kuk cikin wuraren tarihi na duniya. Duk wannan daga ramukan da ba a samu ko ƙwayar zinariya a ciki ba.

Mu ma muna da irin wannan ƙasa, sai dai idonmu na kan abin da ke tsaye. Ana maganar ganuwar Kano, wadda tarihin sarakuna ya ce Gijimasu ya soma ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, ana kukan yadda ake cinye ta. Amma duk tudun da aka tayar, akwai ramin da aka ɗebo ƙasarsa. Gwalalon da ke bin gindin badala da kududdufan cikin gari su ne ɗaya rabin labarin. Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike da ya shigo Kano a 1824, ya ga fadamar Jakara da ta raba gari biyu, kasuwa na gefenta. Barth, Bajamushen da ya zo a 1851 da sunan Abdulkarim, shi ma ya yi maganar Jakara. Yau an ɗaure Jakara da kankare, an shimfiɗa titi a kanta.

Ba na cewa magabata sun zauna sun tsara kududdufai don maganin ambaliya. Ƙasar gini suke nema. Amma ɗaruruwan shekaru ramukan nan suna shanye ruwan sama, suna sakinsa sannu a hankali, suna ciyar da rijiyoyin unguwa. Lakar gindinsu kuma na iya ɗauke da sakaina, gawayi, ƙwayar hatsi, da alamar shekarun fari da na ambaliya, bi da bi.

Na san abin da za a ce mini: jama’a ta yi yawa, ana neman muhalli, kududdufi kuwa matattarar sauro ne, yara na faɗawa. Gaskiya ne, ni ma zazzaɓinsa ya sha kayar da ni. Kuma tono tsohuwar dabara ba ya nufin za ta yi aiki yau. A bakin tafkin Titicaca na ƙasar Peru, cikin shekarun 1980, wani masanin binciken tarihi mai suna Clark Erickson da manoman garin Huatta sun sake gina tsofaffin gonakin tudu masu magudanai a tsakani. Ruwan magudanan ya kare dankali daga sanyin dare, amfani ya yi kyau. Da tallafi ya janye, da yawa daga gonakin aka bar su, saboda aikin na cin hannu ƙwarai.

Don haka ba roƙon a bar kowane kududdufi nake ba. Abin da nake nema ɗan kaɗan ne. Duk kwangilar titi, lambatu ko cike rami a tsohon gari, Kano ne ko Zariya ko Katsina ko Damagaram, a sa sharaɗin masu bincike su riga katafila isa wurin, ko da na mako biyu ne: su auna, su zana, su ɗebi laka daga sama har ƙasa. Jami’ar Ahmadu Bello na da sashen wannan ilmi, ɗalibanta na neman wurin gwaji. A haɗa da tsofaffin hotunan sama, a fitar da taswirar inda ruwa ke bi, injiniya ya gani kafin ya ja layinsa. A kuma zauna da tsofaffin magina da masu unguwanni tun suna raye. Wanda ya san ta wane lungu ruwan kududdufinmu ke bi ya gangara Jakara, wani tsohon magini ne maƙwabcinmu, kuma bara aka yi masa sutura.