Fitilun kwalliya a titunan Zariya: wa zai sayi batir na biyu?

A bakin layinmu akwai wani dattijo mai shayi wanda ya fi shekara ashirin yana kafa teburinsa a wuri ɗaya. Ranar da aka dasa turken sola a gefen kwalbati, shi ya fara shan romonsa. Ya jawo tebur da bencinansa biyu ƙarƙashin fitilar, ya daina sayen fetur ɗin ƙaramin janaretansa. Mai ƙosai ta matso, mai tsire ya biyo baya, yara 'yan makarantar dare suka riƙa tsayawa a wurin suna bitar hadda kafin su wuce gida. Layin da a da ake rufe ƙofa da an sallame Isha'i ya koma yana da rai har sha ɗayan dare. Damina biyu aka yi a haka. Da hunturu na gaba ya kama sai fitilar ta fara ɗaukewa ƙarfe goma, daga nan ta koma tara, har ta kai ga tana yin ƙyaf-ƙyaf bayan Magariba ta mutu. Yau turken na nan tsaye, an ɗaura masa igiyar rumfa.

Na ce masa, "Baba, ba ku kai kuka ba ne?"

Ya aje ludayin madara ya dube ni. "Malam, wurin wa? Mai unguwa ya ce ba ta hannunsa ta biyo ba. Ofishin da aka tura mu suka ce ba ta cikin lissafinsu. Wanda ya sa ta kuwa, tun da aka watse daga taron buɗewa ban ƙara sa shi a ido ba."

Wani yaro mai gyaran sola a Sabon Gari ya zo da tsani ya hau ya duba mana. Ƙwan lafiyarsa lau, farantin ma ba abin da ya same shi sai ƙurar da ta yi masa kauri kamar an shafa koko. Batir ne ya mutu.

Wannan turken nake tunawa duk lokacin da na ji ana zancen ƙawata manyan titunan Zariya da fitilun ado, irin masu ƙwai kamar tulu da turaku masu zane, ko igiyoyin haske masu launi da ake naɗe wa falwaya. Ina son Zariya ta yi kyau, kuma ta cancanta. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da Kwalejin Barewa, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, garin da baƙi ke cika shi duk hawan Sallah, bai kamata a shigo shi da dare a ga kamar an shiga kango ba. Wanda ya san hanyar Ƙofar Doka da ta unguwar PZ kafin shirin sabunta birane da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar a 2019, ya san an samu canji, kuma fitilun titi na cikin abin da shirin ya ƙunsa. Abin da nake jayayya a kansa shi ne yadda muke lissafin kuɗin fitila, da kuma wanda muke fara haska wa.

Duk Bazazzagin da ya taɓa ɗaure doki a gidansa ya san kuɗin da aka biya a kara shi ne mafi sauƙi. Bayansa akwai harawa, akwai dusa da kanwa, akwai magani, akwai yaron da zai share barga safe da yamma. Mutum ba ya sayen doki don hawan Daushe kaɗai ya ce ya gama. Fitilar titi ma haka take, tana ci kullum, sai dai mu a takardun kwangila ranar saye kawai muke rubutawa.

Mu ɗauki wadda aka jona da wutar Nepa. Ƙwai mai ƙarfin wat 100 idan ya kwana a kunne awa 12, ya sha yunit 1.2. A shekara yunit 438 ke nan. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wutar rukunin A, wato na masu samun wuta mafi tsawon lokaci a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo wajen naira 209. Da wannan farashin, turke ɗaya zai ci sama da naira 90,000 a shekara. Idan tazarar mita 30 ce tsakanin turke da turke, kilomita ɗaya zai ɗauki turaku 33, wato kusan naira miliyan 3 a shekara, ban da waya, ban da albashin mai gyara, ban da turken da tirela za ta kwashe. Idan gefe biyu aka sa, sai a ninka. Wannan ma idan akwai wutar ke nan. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a ɗaya layin suka jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Wanda ya ce a koma janareta kuwa, litar gas ɗaya yunit uku da ɗan abin da ba a rasa ba take bayarwa, ga shi tana wasa a kan naira dubu ko fiye.

Shi ya sa kowa ya karkata ga sola, kuma da gaskiyarsu, rana ba ta kawo bil. Amma a nan ne aka fi ruɗar jama'a. Farantin sola mai kyau yana iya shekara 20 zuwa 25. Ƙwan zamani yana iya kaiwa shekara goma. Batir shi ne mai gajeren kwana. Tsohon samfuri mai dalma, a zafin bazarar ƙasar nan, da ƙyar yake wuce shekara biyu zuwa uku. Na litiyom mai inganci yakan kai biyar ko fiye, amma tsada gare shi, kuma a nan ɗan kwangilar da ba ya tsoron Allah yake cin ribarsa, domin ba wanda zai hau turke ranar buɗewa ya kwance akwati ya ga abin da ke ciki. Ga hazon hunturu da ke rufe farantin har cajin ya ragu, ga markar Agusta da za a kwana uku ba a ga rana sosai ba. Batir ɗin da ba ya samun cikakken caji yana saurin mutuwa. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, dala kuwa da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Batir na biyu ya ninka na farko tsada tun kafin lokacin sayensa ya zo.

Fitilar ado ta gaji duk waɗannan matsaloli, ta ƙara da nata. Turkenta ya fi tsada saboda zubi da zane. Ƙwai mai siffar tulu yana watsa haske ko'ina, wani kaso sama yake tafiya inda ba mai buƙatarsa. Idan mota ta buge ɗaya, ba lallai a samu irinsa a kasuwa ba, sai layin ya zama kamar bakin da ya yi giɓi. Igiyoyin launi kuwa, idan ba masu kyau aka sayo ba, ruwan damina ɗaya ya ishe su. Titin da aka yi wa ado a tsakiya alhali kwatar gefensa a buɗe take cikin duhu, kitso ne da ƙwarƙwata.

To wa ke da alhakin biya? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa ginawa da kula da fitilun titi cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A aikace hannaye da yawa ne a cikin ƙwaryar. Akwai ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, akwai gwamnatin jiha da kamfaninta na wutar lantarki, KAPSCO, akwai gwamnatin tarayya a kan hanyoyinta, akwai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, akwai masu hali da ke sa wa don neman lada ko neman suna. Kowa na iya dasawa. Gyara ne ba shi da uba.

Kuɗin ma ba ƙaranci suka yi ba a matakin ƙasa. Ƙungiyar BudgIT da ta bi diddigin kasafin tarayya na 2025 ta ce a cikin ayyukan da Majalisar Tarayya ta ƙara akwai na fitilun titi 1,477, kuɗinsu naira biliyan 393. Wasu sun raba adadin suka riƙa yaɗa cewa turke ɗaya aka saya a kan miliyoyi ɗari biyu da wani abu, wanda ba haka ba ne, aiki ɗaya yana iya ƙunsar turaku masu yawa. Abin damuwar na gaskiya yana wani wurin. Da yawa daga irin waɗannan ayyuka ana rataya su ne a wuyan hukumomin da ba ruwansu da lantarki, kamar kwalejoji da cibiyoyin binciken noma. Hukumar da ke wata jiha mai nisa ta ba da kwangila, a dasa, a ɗauki hoto, a biya, a rufe fayil. Ba ta da injiniya a Zariya, ba ta da tsani, ba ta da layi a kasafin baɗi da ya ce batir. Ɗan Zariya, Tajudeen Abbas, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai tun Yunin 2023, don haka muna da bakin da za mu roƙa a kafa ƙa'ida a ƙasa baki ɗaya: kada a amince da aikin fitilar titi sai an haɗa shi da kuɗin kulawa na shekara biyar da sunan hukumar da za ta karɓe shi.

A matakin gari, abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Kowane turke a buga masa lamba da fenti, da sunan hukumar da ke da shi, da lambar wayar da za a kira idan ya mutu. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai fitilarsa ta ga hunturu biyu. A rubuta irin batir da ƙarfinsa a takardar kwangila, a kuma buɗe wasu turakun a gaban jama'a a gani. Ɗaliban injiniya na jami'a da na Kwalejin Nuhu Bamalli za su iya wannan binciken a matsayin aikin karatu, su ƙirga mana masu ci da matattu unguwa-unguwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambayar nawa aka kashe. Tun da kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, lokaci ya yi da za mu fara tambayar shugabanninsu su nuna mana layin gyaran fitilu a kasafinsu, ko da ƙarami ne.

Ita kuma kwalliya, a bar wanda zai ci ribarta ya ɗauki nauyinta. Bankunan da suka yi jerin gwano a PZ, da kamfanonin waya, da manyan gidajen mai, su ne ke amfana idan titi ya yi kyau da dare. A ba su shataletale ko wani yanki na titi, su ƙawata, su rataya tallarsu a jikin turaku, bisa yarjejeniya a rubuce cewa gyara da sharar faranti na wuyansu na tsawon shekaru. Kuɗin tallar da ake karɓa a kan turakun gwamnati kuma a ware shi a asusun fitilu kaɗai. Ta haka kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, kuɗin talaka kuma su tafi inda ya fi buƙata.

Inda ya fi buƙata kuwa a ƙasa yake, inda ƙafa ke takawa. Dogon turke a tsakiyar titi mai mota yake yi wa aiki, shi kuwa mai mota yana da fitilunsa biyu. Wanda ba shi da komai shi ne mai tsallaka titi a Kwangila tsakanin tireloli, da ɗalibar da ta fito daga ƙofar jami'a a Samaru ko Kongo tana neman keke, da matar da ta riƙo yaro mara lafiya za ta asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da tsohon da ke laluben hanyar masallaci da asuba a lungunan cikin birni yana tsoron kwata da masu ƙwacen waya. Waɗannan gajeren turke suke so, mita huɗu ko biyar, mai zubo haskensa ƙasa, a mashigar kasuwa da tashar mota da wurin tsallakawa. Zariya gari ne mai itatuwa, ga maɗaci ga dalbejiya ga rimi. Dogon turke a cikin reshe haskensa ganye yake ci, farantin da aka sa a inuwa kuma ba ya caji. Sau da yawa na ga an dasa sola a gindin bishiya don kawai nan awon tazara ya faɗa, ba a tambayi ko mutum ɗaya daga masu zama a wurin ba. Da an tambayi mai unguwa, da 'yan sintiri, da mata masu sana'ar dare, da sun nuna da yatsa inda duhu ke cutar da su. Su ne kuma za su tsare turken daga masu kwance batir da waya su kai wa 'yan jari-bola, domin abin da mutum ya san nasa ne ba ya barin a taɓa.

Mu dai a layinmu mun gaji da jira. Bayan sallar Juma'a aka zauna a zauren mai unguwa aka yanke karo-karo, gida-gida, masu shago su ba da ninki. Aka kuma sa yara biyu su riƙa goge farantin da tsumma duk mako idan hunturu ya shigo. Mai shayin nan shi ya fara miƙa nasa, ya ciro su daga gwangwanin madara, duk sun sha maiƙo. Kuɗin sun kai rabi yanzu, mai gyaran kuma ya ce mu hanzarta kafin farashi ya sake motsawa.