Kafin ka kwanta ƙarƙashin motarka da sifana

Ƙannena na Zango, musamman ku masu jan tasi da Bolt da kuka karɓi mota kuna biya kaɗan-kaɗan, da ku nake yau. Duk safiyar Lahadi in na bi ta Aboabo ko Asawase a nan Kumasi, da wuya ban ga matashi kwance ƙarƙashin Vitz ko Picanto ba, waya a gefe tana nuna masa YouTube, yana fama da juyen baƙin mai. Ban ga laifin niyyarku ba. Tun 2022 da darajar sidi, kuɗinmu na Ghana, ta faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekarar, kowa neman sauƙi yake, ga kayan mota kusan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. Amma lissafin da yawancinku ke yi bai cika ba.

In ka yi juye da kanka, me ka rage? Kuɗin hannun fita kawai, wato makanike. Mai dai sai ka saya, filta sai ka saya. Corolla mai injin 1.8 lita 4 da ɗoriya take sha, ko kai ka zuba ko masta ya zuba. A duk juyen da na taɓa biya, ladan fita shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kuɗin. Don ka tsira da wannan ɗan ladan, sai ka nemi soket, da sifanar kwance filta, da jak mai kyau, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, da abin tarar tsohon mai. Mai motar gida da ba ya cika kilomita 5,000 sai bayan watanni, sau nawa zai yi juye kafin kayan nan su mayar da kuɗinsu? Kai kuma mai tasi, rabin yinin da ka ɓata kana ƙarƙashin mota, fasinja nawa suka wuce ka a Kejetia?

Ni ma na taɓa yi, kuma na ji a jikina. Na kwance tsohuwar filta, na ɗaura sabuwa, na zuba mai, na wanke hannu raina fes. Ashe zoben robar tsohuwar ya manne a jikin injin, ban duba ba, na ɗora sabuwa a kansa, roba biyu a haɗe. Ban yi nisa ba a hanyar Tafo jar fitilar mai ta kama. Da na fito na waiwaya, sai ga baƙin layi a kan kwalta tun daga inda ido ya tsaya. Allah Ya taimake ni na kashe motar nan take, injin bai buga ba. Duk da haka na biya kuɗin jan mota, na sake sayen mai cur, yini ya tafi, kuma fitan da na guje wa shi ne dai ya gyara. Wani abokina notin ƙasan injin ya ɗaure da ƙarfin tsiya har zaren ya cinye, daga ranar motar ta koma ɗigar mai sai da aka canza kaskon.

Sai maganar kaya. A Suame Magazine, babbar unguwar fitoci da masu sayar da kayan mota, babu abin da ba za ka samu ba, na gari da na jabu, sabo da na hannu, wani lokaci kwalinsu iri ɗaya. Masta da ya shekara ashirin a wurin yana ɗaga filta ya ji nauyinta ya san ko ta kirki ce. Kai da ka zo jiya, mai arha za ka ɗauka. Haka mai: injin da littafinsa ya ce mai marar kauri irin 5W-30 ko 0W-20, sai ka ɗura masa 20W-50 don wani ya ce mai kauri ya fi ƙarko a zafin ƙasarmu. Ba yau za ka ga illar ba, a hankali take cin injin.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne jak. Wallahi ƙannena, jak ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne, ba na shiga ƙarƙashi ba. Na ga yaro ya tokare mota da bulo biyu a kan ƙasa mai laushi, ya tura kansa da ƙirjinsa ciki. Bulo na fashewa ba tare da gargaɗi ba. Mota mai nauyin tan guda in ta sauko a kan ƙirji, ba maganar sidi ake yi ba kuma. Birki ma haka, in ka buɗe ka bar iska ta shiga layin mai, ranar da ka taka ya tafi ƙasa ba kai kaɗai abin zai shafa ba, har da 'ya'yan mutane da ka ɗauko.

Tsohon man da kuke juyewa a kwata kuwa, ruwan sama na kwashe shi zuwa rafin Aboabo da Subin, hakkin maƙwabta ne a wuyanku. Ku tara a galan ku kai wa fitoci.

Akwai abin da ya kamata kowa ya iya da hannunsa, kuma ba ya cin ko kwabo: zare sandar mai da safe kafin a tayar da mota, duba ruwan lagireto injin na sanyi, auna iskar taya, goge kan batir, duba filtar iska lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta. Nan ne kuke sakaci, alhali nan ribar take.

Wanda kuma yake son ya wuce nan da gaske, ya sayi mai da filtarsa a wurin da ya amince da shi, ya kai wa masta, ya tsuguna kusa da shi ya kalla sau uku ko huɗu, ya yi tambaya da ladabi. Mastan da ya gyara min motata ranar nan, har yau in zai ɗaura filta sai ya zagaya mazauninta da yatsa, ya shafa wa sabon zoben ɗan mai, ya ɗaure da hannu, sannan ya tayar da motar ya leƙa ƙasa kafin ya miƙo min makulli.