"Allah bai yi ba", ko kuwa mu ne ba mu yi ba? Nasiha ga masu shuka karoti a gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ƴan uwa, akwai kalmar da ta yi mana sauƙi a baki fiye da kima, ita ce "Allah bai yi ba." Yanzu da damina ta ɗauke, sanyi ya fara kunno kai, gidaje da yawa a Maradi sun share wani lungu a bayan ɗaki, an tayar da fangali ɗaya ko biyu, an watsa irin salati da na karoti. Abu ne mai kyau, Allah Ya ƙara mana irinsa. Amma nan da wata uku, in ka zaga ka tambaya, za a ce maka salati ya yi, karoti kuwa "Allah bai yi ba." Ana faɗa ana kaɗa kai, mai faɗar yana ganin tawakkali ya yi. Ni dai kalmar nan tana ba ni tsoro, domin sau da yawa sakacinmu ne muke ɗauka mu jingina wa Ubangiji.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, idan wani abu ya same ka, kada ka ce "da na yi kaza da kaza ya faru", sai dai ka ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so shi Ya aikata. Ku lura da yadda aka jera maganar. Himma ce a gaba, sai neman taimako, sai hana kasala, sannan aka zo kan ƙaddara. Mu kuma mun iya tsallake ukun farko mu dira kan ta huɗu.

Karoti kuwa ba ya rufa wa mai shi asiri. Ranar da ka cire shi, duk abin da ka yi masa da wanda ka ƙi yi masa yana nan a jikinsa.

Fara da lokaci. Shukar sanyi ce, ta fi jin daɗi idan zafi na tsakanin digiri 16 zuwa 24, kuma tana son wata uku zuwa huɗu a ƙasa. Kowa ya san yadda garin nan ke zama daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura 40. To wanda ya shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ya ba shukarsa hunturu gaba ɗaya. Wanda ya bari sai Fabrairu, saiwar za ta haɗu da bazara tana ƙarama, ta tsaya siririya, ta yi tauri da ɗaci. Shi ma iri a duba shi. Irin karoti ba ya jure ajiya a cikin zafi, kuma akwai kwanan wata a jikin takardarsa, a karanta kafin a biya kuɗi. Cikin ire-iren karoti, Nantes da Touchon sanannu ne, New Kuroda ya fi jure ɗumi, Chantenay kuma gajere ne mai kauri, shi ya fi dacewa da ƙasa mai ɗan tauri ko shuka a cikin bokiti da buhu.

Sai ƙasa. Allah Ya yi mana baiwa da jigawa, rairayi mai laushi, irin wanda karoti ke so. Amma ƙasar tsakar gida ba jigawar daji ba ce. Shekara da shekaru ana taka ta, akwai ɓaraguzan bulo, fasassun kwalabe, tsumma, da ledar da ta cika mana gari. A tona aƙalla santimita 30, a tsince duk wannan, a farfasa hoge. Saiwar karoti guda ce, miƙewa take yi ƙasa kai tsaye. Da ta ci karo da dutse sai ta lanƙwashe ko ta rabu. Haka ɗanyen taki ke yi mata. Mutum ya kwaso kashin awaki na jiya daga turke ya zuba, wai yana kyautatawa. Ranar cira sai ya ga abu mai ƙafa biyu ko uku, duk gashi ya rufe shi, an wanke an kankare babu abin da ya rage na sa wa a tukunya. Takin da ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari da zafi, shi ake sa wa, kuma a cuɗa shi da ƙasa tun kafin shuka. Takin zamani mai sa ganye ma in ya yi yawa, ganye zai yi shar har maƙwabta su yaba, a ƙasa kuwa babu komai.

Kuma ba a dashen karoti. Mun saba da albasa da tumatir da kabeji, a yi reno a wuri ɗaya a cire a dasa. In ka yi wa karoti haka ka katse masa bakin saiwa, ba zai miƙe ba har abada. Inda zai girma nan ake shuka shi.

Ƙwayar irin ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ake gauraya ta da busasshen rairayi don kada ta zuba wuri ɗaya. A ja layi da yatsa, zurfin santimita ɗaya ya isa, tsakanin layi da layi kamar kamu ɗaya. A rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa buhun algarara ko busasshiyar ciyawa a kai, a yayyafa ruwa safe da marece a hankali. Ba a kwara masa da bokiti, ruwan zai kwashe irin ya tara shi a gefe. Yana ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya tsiro, wani lokaci har uku, kuma a kwanakin nan ne yawancin fangali ke mutuwa. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa cikin ɗan lokaci. Wuni ɗaya aka tafi biki aka manta, ƙwayar da ta fara buɗe baki ta bushe, shi ke nan. Da an ga tsiro, siriri kamar gashi, sai a ɗage buhun, a kuma sa ido kan haki, domin ya fi karoti saurin girma nesa ba kusa ba.

Wurin da na fi so mu tsaya shi ne ragewa. Idan tsiron ya yi ganye uku ko huɗu, dole a bi layi a cire wasu a bar wasu, tsakanin kowane biyu ya zama faɗin yatsu uku, santimita 4 zuwa 5. A nan hannu ke nauyi. Mutum ya tsuguna, ya ga tsiro kore lafiyayye, ya kai hannu ya janye. "Haba, wannan ai asara ce." Sai ya bar su cunkushe, kowanne na ƙwace ruwa da abinci daga ɗan uwansa, ƙarshe ya tashi da tulin tsinkaye, babu ko ɗaya da ya kai kaurin ɗan yatsa. Wannan ba rashin sani ba ne kawai, domin da yawa an gaya musu. Kwaɗayi ne, zuciya ce ta kasa sakin kaɗan don mai yawa ya samu. Wanda ya ga hannunsa ya ƙi cire tsiron karoti, ya binciki kansa ta wajen fitar da haƙƙin Allah da na mutane, ciwon guda ne. A jiƙa ƙasa kafin a rage, bayan an gama a danna ƙasa a gindin waɗanda aka bari, a sake ba su ruwa.

Sauran kuma kiyayewa ce. In aka bar fangali ya bushe ƙamas sannan aka cika shi da ruwa, saiwar tsagewa take yi. In kafaɗarta ta fito rana ta buge ta, sai ta yi kore da ɗaci, don haka a riƙa tura mata ƙasa. Iyayenmu mata, don Allah ban da ruwan kwata da ruwan wanki mai sabulu. Na san kuɗin famfo da na ƴan garuwa ba wasa ba ne, amma karoti ɗanye yara ke ci. Ruwan alwala da na wanke hatsi, a tara su a roba, suna rage nauyi.

Wani zai ce, Malam, to ina imani da ƙaddara? Yana nan daram. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya kuma tambaye shi: da kana da raƙuma ka sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, in ka yi kiwo a mai ciyawa ba da ƙaddarar Allah ka yi ba, in ka yi a ƙeƙasasshen ma ba da ƙaddarar Allah ka yi ba? Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. Mai ruɓaɓɓen taki da mai ɗanyen taki dukansu suna cikin ƙaddara, amma ba ɗaya suke ba.

Kuma gaskiya ne, za ka iya yin komai daidai abin ya ƙi. Fara ta sauka, rashin lafiya ta kwantar da kai sati biyu, yaro ya bar ƙofa buɗe akuya ta shiga ta share fangalin kafin a idar da sallar la'asar. A nan ne "Allah Ya ƙaddara" ta zauna a mazauninta, kuma a nan take sanyaya zuciya. Allah Yana tambaya a Suratul Waƙi'a, aya ta 63 da 64: shin kun ga abin da kuke nomawa, ku ne kuke tsirar da shi ko Mu ne Masu tsirarwa? Ba kuma ka yi asara ba. A hadisin Anas da ke Bukhari da Muslim, babu musulmin da zai dasa ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka gare shi. A ruwayar Jabir da ke Muslim har abin da aka sace an ambata. To kada a je a yi wa maƙwabci tijara a ƙofar gida saboda akuya. A yi masa magana cikin mutunci ya ɗaure dabbarsa, kai kuma ka kewaye fangalinka da darni ko zana, abin da ya kamata ka yi tun farko.

Wanda bai sani ba ya tambaya, ba mu rasa masu sani ba. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa mutane kan noman rani, garake suka yawaita a ƙasar nan. Ga mutanen Jiratawa da Sumarana da bakin tafkin Madarunfa da duk tsawon Gulbi, wannan sana'arsu ce, ga ma'aikatan binciken noma na INRAN a Tarna. Tsayawar minti goma wurin mai garka ta fi shekara uku ana gwaji a makance. Girman kai ne ke hana tambaya, shi ma sai a ce Allah bai yi ba.

Kada kuma a raina abin. Mu da muka ga 2005, muka ga yadda tamowa ta cika cibiyoyin kula da yara a jihar nan, bai kamata mu ɗauki fangalin kayan lambu wasan yara ba. Launin nan na karoti, jiki ne ke mayar da shi bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ya kuma raunana yaro gaban cuta. Jiki ya fi ɗaukarsa in akwai ɗan maiƙo, don haka a sa shi a miya ko dafa-duka, ko a yanka a kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ƙananan yara a dafa musu ya yi laushi, kada ɗanye ya shaƙe su.

Idan wata uku ya cika, a jiƙa ƙasa a ciri ɗaya a gani. In ya yi, a kwashe kafin zafi ya shigo, a yanke ganyen nan take don kada ya tsotse ruwan saiwar, ganyen a ba tumaki. A mazhabar Malikiyya da muke bi babu zakka a kan kayan lambu irin wannan, amma Annabi ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kula da maƙwabtansa. Yaran gidan da ke jikin katangarku sun ga fangalin tun yana tsiro. A ɗaura musu dami ɗaya daga masu kyau, ba masu ƙafa uku ba, a aika tun kafin a kai saura madafa.