Idan matarka gajera ce, ka sunkuya

Ɗan'uwa mai sabon aure, zo ka ga yadda malaman Yahudawa suka bi da ɓacin ran mace. Abin da suke tsarewa sunansa shalom bayit, wato zaman lafiyar gida, kuma sun san lokacin da ya fi tsinkewa: yammacin Juma'a. A gidan masu kiyaye Asabar, ranar hutunsu da ke farawa da faɗuwar ranar Juma'a, uwargida kan kunna kyandir minti 18 kafin faɗuwar rana, a Kudus minti 40. Daga nan ba girki, ba kunna wuta sai taurari sun fito washegari.

To, ga burodi bai gasu ba, yaro bai yi wanka ba, rana ta yi ja, ta juyo ta ce, "Komai ni kaɗai!" Nan maza ke faɗuwa. Sai ka fara lissafin cefanen da ka yi, alhali ba shari'a ta kawo ba, gajiya ce ta yi magana. Ko ka ce "yi haƙuri mana" kana latsa waya. Rabbi Shimon ben Elazar, ɗaya daga malamansu na da, ya hana lallashin mutum yana tsakiyar fushi, ni ma ina bayansa, don a lokacin lallashi toshe baki ne.

Talmud, babban kundin malaman Yahudawa, ta kawo karin maganar mutanen da: idan matarka gajera ce, sunkuya ku yi raɗa. A wannan shafi na Talmud ɗin aka gargaɗi miji kan muzanta ta, saboda hawayenta kusa yake. Ka aje wayar. Ka bar ta ta kai aya, ka maimaita mata abin da ka ji, sannan ka ɗauke aiki ɗaya, ko da wankan yaron ne. Tunatarwar kunna kyandir ma, malamai sun ce a tausashe za a yi ta. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya hana miji cika gida da tsoro ko yawan ɗaure fuska.

Akwai wani wuri mai wuya. Ma'aurata masu riƙo da dokar nidda, wato dokar haila, ba sa taɓa juna kusan kwana 12, daga fara haila har wankan tsarki a mikwe, tafkin da aka tanada don haka. Ba runguma, ba dafa kafaɗa, harshe kaɗai ya rage maka, kuma shirunka ƙiyayya za ta ɗauke shi.

In ka riga ka yi ɓarin baki, jira ta huce, ka ambaci laifin da sunansa. A wurin Yahudawa azumin Yom Kifur, ranar neman gafararsu, ba ya kankare haƙƙin mutum sai an roƙe shi, in ya ƙi a sake komawa, har sau 3.