Siranta ba shaidar lafiyar jijiya ba ce

'Yan uwana matasan Kano, akwai gidajen da mutuwar fuju'a ta yi wa yawa. Uba ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa a Kantin Kwari yana ɗan shekara 45, bayan 'yan shekaru ƙaninsa ya bi shi, sai a hau zargin jifa ko kambun baka. Ajali gaskiya ne, amma yana da sababi, kuma addini ya hore mu da neman magani. Ɗaya daga cikin sababan nan shi ne yawan kitsen jini na gado, wato kolestarol ɗin da mutum ke zuwa duniya da shi.

Hanta ce ke tsame mugun kitsen da likitoci ke kira LDL daga cikin jini. Mai wannan gado hantarsa ba ta tsamewa yadda ya kamata, don haka tun yana goye kitsen jininsa ya kusa ninka na sa'o'insa. Binciken wannan lalura ne ya ba wasu likitocin Amurka biyu, Brown da Goldstein, kyautar Nobel a 1985. Kusan mutum 1 cikin 250 na ɗauke da ita a duniya, akasarinsu ba su sani ba. Idan uba ko uwa na da ita, damar kowane ɗa ya gada rabi ce. In kuwa duka biyun suna da ita, abin da auren zumunci ke sauƙaƙawa, yaro na iya gado ta ɓangare biyu, ciwon zuciya ya kama shi bai kai shekara 20 ba.

Lafiyayyar jijiya tana buɗewa da kowane bugun zuciya, ta koma, kamar sabon tiyo. Wadda kitse ya shekara da shekaru yana kwanciya a bangonta kuwa, tiyon da ya sha rana ne: bango ya yi kauri, hanya ta ƙuntata, laushi ya tafi a hankali. Kaurin nan an gan shi a jijiyar wuyan yaran da ke da wannan gado tun kafin su balaga. Idan jijiya ta yi tauri, lambar sama ta awon hawan jini sai ta hau, zuciya ta riƙa turi da wahala har bangonta ya yi kauri, ƙarfin bugun kuma ya sauka a kan ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda. Likitoci na auna taurin ta hanyar saurin da bugun ke yi daga jijiyar wuya zuwa ta cinya. Ya wuce mita 10 a daƙiƙa, an shiga haɗari. Duk wannan ba zafi, ba zazzaɓi. Kana iya buga ƙwallo kullum da yamma, ba tumbi, abin kuma yana ci a ɓoye.

Wasu jikinsu kan nuna: kauri ko kulluɓutu a agara, ƙulli a bayan gaɓoɓin yatsu, ɗigon rawaya a fatar ido, ko farin zobe kewaye da baƙin ido kafin shekara 45. Da yawa babu ko ɗaya.

Saboda haka, in an taɓa samun ciwon zuciya a gidanku ga namiji ƙasa da shekara 55 ko mace ƙasa da 60, ka je a ɗebi jininka a auna kitse. Ana yi a Asibitin Malam Aminu Kano da ɗakunan gwaji da dama a gari. In LDL ɗin baligi ya kai 190 mg/dL, sai ganin likita, sannan ka ja yayye da ƙanne su ma a duba su.

Rage tsire mai kitse, ƙwaƙwalwa da man shanu yana da amfani. Sigari da shisha kam, ga mai wannan gado, ganganci ne tsagwaronsa. Amma kada wani ya yaudare ka cewa ƙauracewa maiƙo ko shan tafarnuwa ya wadatar, balle jarkar mai lasifika a bakin kasuwa da ke ikirarin wanke jini. Matsalar a hanta take, sai da ƙwayar statin mai rage kitsen jini, wadda ake iya fara ba yara daga shekara 8 zuwa 10. Sha ne na dindindin, lamba ta sauka ba a dainawa. 'Yan uwa mata masu shirin ɗaukar ciki ko shayarwa su gaya wa likita tukuna, domin a wannan lokacin akan dakatar da ita.