Fuskar Taka Ce, Ba Ta 'Yan Kallo Ba

Assalamu alaikum ƙannena samari.

Makon jiya na tsaya wurin masu walda a bakin titinmu ana gyara mini ƙyauren gida. Yaron da ke aikin bai wuce shekara sha tara ba. In ya ɗosana sandar a jikin ƙarfe wuta ta tashi, sai ya runtse ido ya kau da kai, ya buɗe ya duba, ya sake ɗosanawa. Gilashin walda kuwa ga shi can rataye a ƙusa, ƙura ta yi masa riga. Na ce, "Samari, ga gilashi can fa." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan na 'yan koyo ne, mu mun saba." Abokansa biyu da ke zaune kan benci suka taya shi dariya. Idanunsa jawur kamar gauta, suna ta tsiyayar hawaye, yana gogewa da bayan hannu.

Na lura ba ni ya kalla ba da zai ba ni amsa, benci ya kalla. Tun daga nan nake ta tuna wani mutumin Kanada, mai tsaron raga a wasan da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba.

Wasan hoki ne, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara. 'Yan wasa shida a kowane ɓangare, suna sulu a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa mai kaifi kamar wuƙa. Abin da suke bugawa ba ƙwallo ba ne irin namu, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa wajen giram 170. Kafin wasa sai an daskarar da shi don kada ya riƙa tsalle, ka ga ya koma dutse ke nan. Manyan 'yan wasa a yau sukan dake shi ya yi gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Ragar kuma 'yar ƙarama ce, ƙafa 6 a faɗi, ƙafa 4 a tsaye, don haka gola a durƙushe yake yini, fuskarsa daidai saitin abin da ake harbowa. To ku sani, har ƙarshen shekarun 1950 gololin babbar gasar Amurka da Kanada, wadda ake kira NHL, da fuska a buɗe suke tsayawa. Haka al'adar take. Wanda ya rufe fuska, raggo ne.

Sunan mutumin Jacques Plante. An haife shi a 1929 a lardin Quebec, ya tashi a garin Shawinigan, shi ne babba cikin 'ya'ya goma sha ɗaya a gidan talakawa. Yana fama da ciwon asma tun yana ƙarami, ba ya iya dogon gudu, shi ya sa ya koma raga. Kayan kariyarsa na farko da buhun dankali da ɓallin katako aka harhaɗa su. Mahaifiyarsa ta koya masa saƙa, ya girma yana saƙa wa kansa hular sanyi, har ya zama babban ɗan wasa bai daina ba, ana yi masa ba'a yana ci gaba da saƙarsa. Ina ganin tun a nan ya koyi cewa dariyar mutane ba ta fasa fata.

Ya zama golan Montreal Canadiens, ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a zamanin. Kafin Nuwamba 1959 ya riga ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar NHL, da su sau biyar, kuma shekara huɗu a jere shi ke ɗaukar kyautar Vezina ta gololi. Ba wanda zai ce bai iya ba. Amma fuskarsa ta ji jiki: an karya masa hanci, an fasa masa ƙasusuwan kunci, ɗinki kuwa ba a magana. Sai ya fara sa garkuwar fuska a wurin atisaye, daga baya aka ƙera masa wata ta faiba daidai da zubin fuskarsa, fara fat, da ramukan ido biyu da na baki, abin tsoro kamar dodo. Kocinsa Toe Blake ya ce a atisaye dai ya sa, amma ban da ranar wasa. Kada ku ɗauka Blake sakarai ne, mutum ne da ya ci kofin Stanley sau takwas yana koci. Hujjarsa ita ce garkuwar za ta hana gola ganin faifan in ya faɗo gindin ƙafarsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a ƙarƙashin hujjar akwai wancan tsohon zance, cewa namiji ba ya ɓoye fuska.

Ranar 1 ga Nuwamba 1959 suka je New York wasa da Rangers a filin Madison Square Garden. Minti uku da fara wasa, Andy Bathgate ya ɗago faifan ya same shi a fuska, ya tsaga shi daga gefen hanci zuwa leɓe. Shekaru bayan haka Bathgate da bakinsa ya amsa cewa da gangan ya yi, ramuwa ce kan wani taɗiye shi da Plante ya yi. Aka fitar da Plante jini na zuba a kan ƙanƙara, aka shiga da shi ɗaki aka yi masa ɗinki. A lokacin ƙungiyoyi ba sa tafiya da gola na biyu, don haka wasa ya tsaya cak, dubban mutane na zaune suna jiran mutum ɗaya.

A ɗakin nan ya dubi kocinsa ya ce zai koma, amma da garkuwa, in ba haka ba a nemi wani. Blake ya fusata, amma ba shi da mafita. Plante ya fito da rigarsa duk jini, fuskarsa a rufe, suka ci wasan 3 da 1. Blake ya ce to ya sa har ciwon ya warke. Ciwo ya warke, Plante ya ƙi cirewa, ƙungiya kuma ta yi wasa 18 a jere ba a doke ta ba. Sau ɗaya ya bi umarnin koci ya fito babu ita, ranar 8 ga Maris 1960, Detroit ta zura musu uku ba ko ɗaya. Washegari garkuwa ta dawo, ba ta sake sauka ba, kuma a ƙarshen kakar suka ɗauki kofi na biyar a jere.

Ku dubi inda jarumtar take a labarin nan. Tsayawa gaban faifan da fuska a buɗe, duk gololin zamanin sun yi, shi ma ya yi shekaru yana yi. Abin da shi kaɗai ya iya shi ne fitowa gaban filin da ya cika maƙil, da 'yan jarida, da abokan wasa, sanye da abin da ya san za a kira shi matsoraci a kansa. An kuwa kira shi. An tambaye shi a fili ko tsoro yake ji, ana ba da labarin cewa ya mayar musu da tambaya: wanda ya diro daga jirgin sama ba tare da lema ba, jarumi za a ce da shi? Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Yawancin abin da ke halaka samarinmu ba rashin tsoro ba ne, kunyar benci ce. Yaron walda ya san gilashin na da amfani, ai shi ke kwana yana juyi idonsa kamar an zuba masa yashi. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne a ce masa ɗan koyo.

Ga wanda ya biye wa al'ada kuma. Terry Sawchuk na Detroit Red Wings, wanda masana da yawa ke sa shi cikin gwanayen gololin tarihi, wasa 103 ya yi ba a zura masa ko ɗaya ba. Kafin ya yarda ya rufe fuska a 1962, an yi masa ɗinki wajen 400 a fuska. A 1966 wata mujallar Amurka ta sa mai kwalliya ya fito da duk tabbansa a hoto ɗaya, in ka gani sai ka ce tsohuwar ƙwarya ce da aka yi ta ɗinkewa. Masu tafin nan da suke jinjina masa ba wanda ya bi shi gida ya kwana da ciwon. Ya rasu a 1970 yana da shekara 40. Wani kuma, Gerry Cheevers na Boston, da ya fara sa garkuwa sai ya riƙa sa a zana alamar ɗinki a duk inda faifan ya daki garkuwar. Kafin ya yi ritaya ta cika da zane baƙi ƙirin, kowane zane ciwon da bai ji ba ne. Da zan samu irin wannan hular in rataye a kowace tashar babura, da na yi.

Tunda na ambaci babur. Waɗanda suka yi wayo a 2009 za su tuna lokacin da aka tilasta sa hular kwano a Najeriya, ranar 1 ga Janairu. A Kano 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da tukunya a kai, aka ɗaure da igiya, labarin har gidajen rediyon ƙasashen waje. Mun yi dariya sosai, ni ma na yi. Na san akwai tsada, akwai zafin rana, akwai ƙyamar sa hular da wani ya cire, duk uzuri ne na gaske. Amma wanda ya kifa ƙwarya ya nuna abin da yake karewa shi ne aljihunsa daga jami'in hanya, ƙoƙon kansa kuma ko oho. Har yau ku je rakiyar amarya ku ga yara uku a kan babur ɗaya, mai tuƙi ya saki hannu, an ɗaga tayar gaba, ana ɗauka a waya za a ɗora a TikTok. Ranar da aka kwashe shi sai asibitin ƙashi, masu ɗaukar hoton kwana biyu za su zo dubiya. Uwa ce za ta kwana a tabarma gindin gado, uba ya sayar da akuyoyi ko fili.

Na san amsar da wani zai ba ni: Malam, ai komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko da hula ko babu. Gaskiya ne ajali ba ya jira. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi ko mutum ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa ya yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma shi da kansa ya sa sulke ranar Uhudu. Wa ya fi shi tawakkali, wa ya fi shi jarumta? Ba kuma kowane hatsari ne ke kashewa ba. Akwai wanda ke barin mutum da rai, ba ido, ko ba ƙafa, ko ba hankali, shekara talatin ana juya shi.

Akwai wani ciwon kuma da hula ba ta karewa, shi ma kunyar benci ce ke sa a ɓoye shi. Ranar 22 ga Maris 1989, ƙarfen takalmin wani ɗan wasa ya yanki wuyan golan Buffalo Sabres, Clint Malarchuk, jini ya riƙa tsartuwa a kan ƙanƙara. Mai kula da lafiyar 'yan wasan, Jim Pizzutelli, wanda ya taɓa aikin jinyar sojoji a yaƙin Vietnam, ya danne jijiyar da yatsunsa har likitoci suka iso. Ɗinki wajen 300 aka yi masa. Kwana goma kacal ya dawo fili, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, ga namijin duniya. Ba wanda ya tambaye shi yadda yake barci. Ya yi shekaru yana fama da mugayen mafarkai da firgita da damuwa, ya faɗa shaye-shaye, har a 2008 ya yi yunƙurin kashe kansa, Allah ya yi da sauran kwana. Yanzu yawo yake yana faɗa wa matasa su buɗe baki su nemi taimako. In akwai abin da ke cin ka a rai, ƙanena, ba ka barci, kana neman ƙwaya ko kwalbar maganin tari don ka manta, to ka samu babba ɗaya da ka yarda da shi, ko likita, ka faɗa masa. Majalisa ba ta buƙatar sani.

Plante dai bai tsaya a kansa ba. Ya buɗe kamfanin ƙera garkuwar fuska a Quebec, ya yi ta gyara zubinta, gololi suka riƙa bin sahunsa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka yi masa dariya. Golan ƙarshe da ya tsaya da fuska a buɗe a gasar NHL shi ne Andy Brown na Pittsburgh, a 1974. Yau in gola ya fito haka alƙalin wasa ba zai bari ba, in ma garkuwar ta faɗi ana cikin wasa busa usur ake yi.

A 1970, yana da shekara 41, yana tsare wa St. Louis Blues raga a wasan ƙarshe na kofin Stanley da Boston, wani bugu mai ƙarfi ya goga a sandar Phil Esposito ya canza hanya ya same shi a tsakiyar goshi. Garkuwar ta tsage, ya faɗi sumamme, sai a asibiti ya farfaɗo. Ya warke, ya ci gaba da wasa har yana da shekara 46, ya rasu a Geneva a 1986.

Jiya na koma karɓar ƙyaurena. Na samu yaron shi kaɗai, benci ba kowa, ya ɗaura wani tsumma jiƙaƙƙe a ido ɗaya. Na sauko da gilashin daga ƙusa, na goge ƙurar da gefen rigata na miƙa masa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, sannan ya karɓa.