Matuƙin da ya juyo da ku Jidda ba shi ne abin zagi ba

Tunda aka fara yaɗa saƙonnin muryar nan a guruf-guruf ɗin WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Jidda da Makka raina yake a ɓace. Kowa dai ya ji labarin, jirgi ya ɗebi masu Umara daga Jidda za shi Kano, bai yi nisa ba matuƙi ya ga ƙarfin baƙin mai a inji ɗaya yana sauka, ya kashe injin, ya yi ta shawagi har nauyi ya ragu sannan ya dawo ya sauka, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Amma ji abinda ake faɗa, wai matsoraci ne, wai ai jirgin lafiya lau yake tafiya ba wanda ya ji ko girgiza, har wani ejan na ji yana cewa da tsohon hannu ne da ya lallaɓa ya kai su Kano.

Haba Alhaji. Direban haya in fitilar mai ta kama ya lallaɓa, inji ya buga masa a hanya, gefen titi zai gangara a kira makaniki. A sama ina gefen titin yake?

Baƙin man nan shi ke shafe boris ɗin da sandar inji ke juyawa a kai, dubban zagaye a minti ɗaya, shi ne kuma ke kwashe zafin wajen. Abu uku matuƙi ke kallo, yawan man da zafinsa da ƙarfin da yake zagayawa da shi. Yawan kaɗai yana iya ruɗa mutum, don lokacin tashi ma'auni kan nuna ya ragu alhali man ya bazu ne cikin inji, zai dawo. Amma in ƙarfin ya faɗi ƙasa da jan layi to magana ta ƙare, akwai littafin gaggawa a gabansu shi da mataimakinsa, a rage wa injin wuta, in bai gyaru ba a kashe shi, kuma in jirgin mai inji biyu ne doka ta ce a nemi filin da ya fi kusa wanda ya dace a sauka. Jiragen nan an ƙera su ne su iya tafiya da inji ɗaya su sauka da shi, to amma an yi hakan ne don ka kai kanka inda za ka tsira, ba don ka ɗauki hanyar Jidda zuwa Kano da shi ba, ka tsallaka Bahar Maliya ka bi ta saman hamada, ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 filin Khartoum da a da ake dogara da shi ya daina zama abin dogaro.

Masu cewa ai ƙila ma'aunin ne ya lalace, su saurari wannan. Ranar 5 ga Mayu 1983 wani jirgin kamfanin Eastern na Amurka, ƙirar TriStar mai inji uku, ya tashi daga Miami za shi Nassau ta ƙasar Bahamas da mutum 172. Fitilar baƙin mai ta inji na biyu ta kama, suka kashe shi suka juyo. A hanyar dawowa sai fitilun sauran biyun ma suka kama, matuƙan suka ce ai ba zai yiwu a ce duka uku sun rasa mai lokaci guda ba, ma'auni ne ke ƙarya. Ba ƙarya yake ba. Na uku ya mutu, na ɗaya ya bi shi, jirgi ya rinƙa gangarowa teku ba inji ko ɗaya har aka ce fasinjoji su sa rigar ruwa. Wanne ne ya cece su? Wancan na biyun da suka kashe da wuri, shi kaɗai bai ƙone ba, shi suka samu ya tashi suka sauka da shi. Da aka bincika sai aka ga makanikai ne da daddare suka ɗaura wasu 'yan matosai a injinan uku ba tare da zoben robar da ke hana yoyo ba. Shi ya sa a yau ƙa'idar gyaran jiragen da ke dogon zango take hana mutum ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a injina biyu a zama guda. A 2010 kuwa ɗan bututun mai ne ya tsage a injin wani jirgi ƙirar A380 na kamfanin Qantas bayan tashi daga Singapore, wuta ta kama, injin ya tarwatse ya huda fiffike, mutum 469 a ciki, Allah ya yi da sauran kwana.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa jin tsoron gaggawa. A nan Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin alhazan da zai tafi Sakkwato ya tashi alhali an san wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara, tayoyi suka fashe wuta ta kama, mutum 261 babu wanda ya fita. Akwai dattawa a garin nan da suka rasa 'yan uwa a ciki. Jirgin Dana a 2012 inji ɗaya ya fara ba su matsala tun ba su yi nisa da Abuja ba, suka ci gaba da tafiya, ɗayan ya mutu dab da Legas, mutum 153 da ke ciki suka tafi har da waɗanda jirgin ya faɗa wa a gida. Waɗannan su ne suka lallaɓa. Masu cewa in kwana ya ƙare ya ƙare kuwa ba da su nake ba, su je su tambayi malamai.

Ba wai na ce mutane ba su da hakkin yin fushi ba. Tsohuwa ta gama ɗawafin bankwana, ta ɗaure zamzam ɗinta da dabino, riyal ɗinta ya ƙare, a dawo da ita a zube ta a kan kujerar filin jirgi ba wanda zai ce mata ga abinda ya faru da harshen da take ji, dole ranta ya ɓaci, kuma daga wannan shirun ne jita-jita ke fitowa. To a kai fushin inda ya dace. A tambayi kamfani wa ya duba injin nan kafin ya tashi, tun yaushe yake shan mai fiye da ƙa'ida, don ana rubuta duk man da aka ƙara a littafin jirgi, yoyo kuma sau da yawa yakan nuna alama tun kafin ranar. Hukumar alhazai NAHCON da hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA su rinƙa neman waɗannan takardu kafin su ba kowa jigila, kamfanoni kuma su ajiye mai jin Hausa a Jidda da Madina wanda zai fito ya yi bayani ya raba abinci ya nemi masauki. Su kuma ejan-ejan ɗinmu, wanda bai taɓa ganin cikin injin jirgi ba dan Allah ya daina tura saƙon murya yana koya wa matuƙi aikinsa.